Kurmin da Tsoro Ya Tsare: Tsofaffin Wuraren Tsafi a Dajin Birnin Gwari

Shekaru fiye da goma ke nan ba a ambaton dajin Birnin Gwari sai in za a ba da labarin satar shanu, ko garkuwa da mutane, ko tare hanya tsakanin Buruku da Udawa. Yaron da ya yi wayo a Kaduna ko Zariya cikin waɗannan shekaru zai ɗauka dajin ba shi da wani tarihi da ya wuce na 'yan bindiga. Alhali kuwa tun kafin a san bindigar zamani a yankin akwai mutane a cikinsa, Gwarawa da Kamukawa, da Hausawa maharba, da Fulani makiyaya, kuma kusan kowane dutse da rafi yana da suna, yana da masu shi. Sashen da ya fi shahara, wato Gandun Dajin Kamuku, hukumar En'e ce ta fara keɓe shi a 1936, sannan Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a watan Mayun 1999. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120, ya jingina da dajin Kuyambana na jihar Zamfara. A cikinsa akwai ruwan da ke zubowa daga dutse a Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse da ya tsaya shi kaɗai, akwai Tsaunin Rema inda manyan duwatsu suka hau juna, rema na shan hantsi a kansu. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa da ƙarfi ba: tsaunuka da itatuwa da rafukan da kakannin Gwarawa da Kamukawa suka ɗauka masu alfarma ne, da tsohon wurin tsafin nan da ake kira Parnono. Waɗannan wurare sun cancanci a san su, a rubuta tarihinsu, a hana gatari shiga cikinsu. Musulmi kuwa yana iya yin duk wannan ba tare da ya taɓa tauhidinsa ba.

Sai mutum ya san yadda irin wannan wuri yake aiki kafin ya gane abin da ake gudun asararsa. A ƙasashen da ke kudu da yammacin ƙasar Hausa, da ma cikin Maguzawa, wurin tsafi galibi ba gini ba ne. Kurmi ne a gindin dutse, ko tsohuwar kuka ko tsamiya, da 'yan duwatsu da tsofaffin tukwane a ƙarƙashinta. Mai kula da shi yakan fito daga gidan da suka fara sare wurin suka zauna. Shi ke shiga kafin shuka, shi ke shiga da kaka kafin kowa ya taɓa sabon hatsi, a yanka kaza ko akuya, a zuba giya. Wannan ɓangaren ibada ke nan, kuma shi ne wanda Musulunci da Kiristanci suka kawar a mafi yawan garuruwa. Amma akwai ɗaya ɓangaren, na doka. Ba a saran ice a kurmin, a wasu wuraren ko busasshen reshe ba a ɗauka. Ba a cinna masa wuta, ba a noma shi, dabbar da ta gudu ta shige shi ta tsira daga maharbi. In an yi rikicin iyakar gona ko zargin sata, can ake kai mutum ya rantse. Babu ɗan doka, babu mai gadin daji, babu tara a rubuce. Tsoro ne kaɗai ke tsaron wurin, kuma ya tsare shi fiye da yadda albashi ke sa ma'aikaci ya tsare. Bahaushe ya ce tsafi gaskiyar mai shi. Wanda bai yarda da tsafin ba ma ya amfana da inuwa, da idon ruwan da bai ƙafe ba, da itatuwan magani da suka rage. Ko a tsakiyar ƙasar Hausa, a Gobir da kwarin Maraɗi, al'adar buɗin daji tana nuna cewa akwai lokacin da daji ke rufe, ba mai fita babbar farauta sai an buɗe shi. Kowace irin niyya ce ta haifi al'adar, sakamakonta shi ne dajin yana samun hutu.

Bayan doka akwai tarihi. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya kafa cibiyar bincike ta Arewa House a Kaduna, ya daɗe da jawo hankali cewa manyan biranen Hausa da yawa a gindin duwatsun iskoki suka tsiro: Kano a gindin Dala, Zazzau a Turunku da Kufena, haka ma Kwatarkwashi. Dutse yana ba da ruwa da mafaka, imani da iskokin da ke cikinsa kuma yana tara mutane, daga taro sai kasuwa, daga kasuwa sai ganuwa. A ƙasar Gwari da Kamuku dutse ya yi wani aikin na daban. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sarakunan Sudan na Kontagora, suke kai hare-haren kamun bayi a waɗannan ƙasashe, kan tsaunuka mutane suka riƙa tserewa, har Turawa suka ci Kontagora a 1901. Da ƙura ta lafa aka sauko fili, aka bar kufai. Birnin Gwari na yanzu ma ba shi ne na asali ba. A 1957 aka taso daga tsohon garin da ke can arewa, wanda har yau ake kira Tsohuwar Birnin Gwari, aka kafa sabo a kan hanyar motar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Tegina. In gari ya tashi, ɗakunan laka sukan narke cikin 'yan damuna, ganuwa ta zama tudu. Abin da ke daɗewa shi ne dutsen da ake yanka a kansa, da kukar da aka hana sara, da sunan gidan da ke riƙe da su. Mutanen da ba su bar littafi ba, a nan suka bar shaidar wanda ya riga wani zuwa, da inda ya fito, da iyakar ƙasarsa.

Wanda ke ganin tonon wannan labari bai dace da Musulmi ba, ya duba Kano. Littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da labarin Barbushe ya buɗe: mazauninsa a kan Dala, gunkin Tsumburbura a gindin itace da aka kewaye da katanga ba mai shiga sai shi, baƙaƙen dabbobin da ake kawowa yanka, da kurmin Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa, da aka yi imani rassansa ba sa motsi sai in masifa na tafe. Marubucin Musulmi ne, kuma bai ɓoye gefen da yake ba. Ya faɗi yadda Sarki Tsamiya ya rushe katangar, yadda Wangarawa suka zo zamanin Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, da yadda aka sare itacen tsafi zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, aka yi masallaci. Ya yi murna da faɗuwar gunkin, amma bai share sunansa ba. Da ya share, da yau Bakano bai san wa ke zaune a gindin Dala kafin Bagauda ba, da kuma bai san dalilin da ya sa ake kiran kasuwar da Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi alhali babu kurmi a wurin ba. Abin da Kano ba ta yi ba shi ne tsare ruwan da itatuwan bayan tsoron ya gushe. Jakara ta zama magudanar ruwan dattin birni, har aka rufe wani sashe nata da kankare. Gunkin ya tafi, kuma tafiyarsa daidai ce a idon Musulmi; amma ba wata aya da ta ce ruwan ma ya ɓaci.

Akwai ƙasar da ta gwada tsare kurmi ta hanyar alfarmar wurin bauta da faɗi har ana iya auna sakamakonsa, ita ce Japan. Addinin gargajiyarsu, Shinto, ba shi da annabi, ba shi da littafi guda da aka ce saukakke ne. Suna girmama abin da suke kira kami, waɗanda Bahaushe zai fi kusantawa da iskoki, masu zama a dutse ko itace ko ruwa, ko kuma kakannin da suka shuɗe. Wuraren bautarsu, jinja, sun kai kimanin 80,000, kuma mafi yawansu ƙanana ne, na ƙauye ko unguwa. Akwai ƙofar katako mai ginshiƙi biyu, torii, da ke nuna an shiga hurumi. Akwai kwamin ruwa da ake wanke hannu da baki. Akwai igiyar bambaron shinkafa da ake ɗaura wa itacen da aka keɓe. Mutanen unguwa ke ɗaukar nauyin wurin, su yi biki lokacin dashen shinkafa da lokacin girbi, su ɗauki ƙaramin ɗakin kami a kafaɗa su zaga gari. Kusan kowane irin wannan wuri yana da ɗan kurminsa. A Nara, dajin da ke bayan ɗakin bautar Kasuga an hana farauta da saran ice a cikinsa tun shekarar 841, kuma yana nan. A Ise ana rushe babban ɗakin bauta a sake gina shi duk shekara 20, karo na 62 aka yi a 2013, wanda hakan ke tilasta a renon itatuwan katako da kafintocin da suka san aikin, tsara bayan tsara.

Abin da ya fi kama da halinmu shi ne abin da ya faru a 1906. Gwamnatin Japan ta ga ƙananan wuraren bautar ƙauye sun yi yawa, ta ba da umarnin a haɗe su, kowane gari ya tsaya da guda. Zuwa 1914 an rufe kimanin 70,000. A lardin Mie kusan kashi 90 cikin 100 suka tafi. Ba a jima ba aka ga inda ribar take: duk wurin da aka ɗauke wa alfarma sai a sayar da itatuwansa ga 'yan katako. Wani masanin tsirrai da ke zaune a Tanabe ta lardin Wakayama, Minakata Kumagusu, ya tashi da adawa, har aka tsare shi fiye da mako biyu a 1910. Hujjarsa ta wuce batun ibada. Ya nuna cewa da kurmin ya tafi, tsuntsayen da ke cin ƙwarin gona sun tafi, tsirrai da ba a samu a ko'ina sun ɓace, mutanen ƙauye sun rasa wurin taro da abin da ke tuna musu asalinsu. Shekaru bayan haka, wani masanin, Akira Miyawaki, da ya so sanin irin dajin da ya rufe Japan kafin noma da birane da dashen katako su sauya shi, a kurmin waɗannan wuraren bauta ya samo amsa. Da irin itatuwan da ya gano a can ya ƙirƙiro dabarar dasa ƙananan dazuzzuka masu kauri da ake kwaikwayo a ƙasashe da dama yanzu. Ranar da Kaduna za ta so mayar da doka da maje da ƙirya da maɗobiya da taura a filayen da gawayi ya cinye, za ta buƙaci wurin da za ta ga yadda suke tsayawa tare in an ƙyale su, ta kuma ɗebi iri. Gandun daji na gwamnati yana da faɗi, amma wuta na bi ta cikinsa duk rani, shanu na kiwo, an yi noma a sassansa kafin 1936. Ɗan kurmin da aka yi zuriya bayan zuriya ba a taɓa ba wani abu ne daban.

Babbar suka ita ce ta addini, kuma ba ta wasa ba ce. Malami zai ce yanka ga dutse ko itace shirka ne, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi a kansa tun kafin jihadin 1804, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itacen da aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinsa da ya ji mutane na zuwa salla a wurin. In har itacen da Sahabbai suka yi mubaya'a a gindinsa bai tsira ba don gudun fitina, ina ga kukar Maguzawa? Wannan hujja tana da ƙarfi a inda fitinar take raye. Sai dai a dubi sharaɗin: mutane na zuwa, ana gudun su ƙudurta wani abu. A Birnin Gwari ta yau, gari mai masallatai da makarantun Islamiyya, jikokin masu tsafin su ne limamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, wasu kuma a ƙauyukan Gwarawa Kiristoci ne. Haɗarin da ke fuskantar kurmin ba masu sujada ba ne, masu injin yankan katako ne da masu gasa gawayi da masu haƙar zinariya. Wanda ya kayar da tsohuwar maɗobiya ya loda a mota ba shirka yake yaƙa ba, ciniki yake yi. Maɗobiyar Afirka ta Yamma an yi ta kwasarta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Inda kuwa har yanzu akwai 'yan tsiraru masu bin addinin kakanninsu, tsarin mulkin Najeriya ya ba su 'yancinsu, kuma wa'azi ne hanyar mai son su canza, ba gatari ba.

Sannan Musulunci bai bar gurbin da tsoron tsafi ya bari a buɗe ba. Yana da hima, wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don raƙuman zakka, kuma an hana saran itace da farauta a haramin Madina. Fiƙihu ya san harimin rijiya da na kogi, filin da ba a gini ko noma a cikinsa. Daga can kalmarmu ta hurumi ta fito. Bahaushe ya san hurumin gari da na maƙabarta, ya san burtali da mashaya da makiyaya, kuma ba wanda ya taɓa cewa girmama iyakar burtali bautar shanu ce. Kurmin da jiya aka tsare don tsoron iskoki, yau ana iya tsare shi da sunan hurumi, da umarnin sarki da sa hannun dagaci da huɗubar liman. Itatuwan ba su san an sauya dalili ba.

Wani kuma zai ce ana ta kai wa yake ta kaya? Mutanen da aka kora daga ƙauyukansu, waɗanda aka kashe musu 'yan'uwa irin na ƙauyen Gwaska a watan Mayun 2018, ba tarihin dutse ne damuwarsu ba. Gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai tura ɗalibi da littafin rubutu cikin dajin da ba a tabbatar da lafiyarsa ba. Amma rikicin nan shi ne ya sa abin ya zama na gaggawa. Sanin waɗannan wurare a kan tsofaffi yake, tsofaffin kuwa an watsa su, wasu suna cikin garin Birnin Gwari, wasu a Kaduna da Funtuwa, nesa da duwatsun da za su iya nunawa da sanda. Yi musu tambaya ba ya buƙatar shiga daji. Tabarma da na'urar ɗaukar murya sun isa. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara da ta yi kusan shekara goma a rufe, manoma suka fara komawa gonaki. Hanyar da ta buɗe wa manomi ita ce ta buɗe wa motar katako. In an koma, rikicin iyaka zai taso tsakanin wanda ya gudu da wanda ya zauna, tsakanin manomi da makiyayi, kuma tsofaffin alamomin ƙasa suna cikin 'yan shaidun da kowa ya tarar.

Ba a kuma ce zamanin tsafi aljanna ba ne. Rantsuwar tsafi ta cuci marasa laifi, mata sun sha hani a wurare da yawa, kuma kurmi ɗan tsibiri ne, bai hana a farauci giwa da gwanki a sauran dajin ba. Japan ma ba abin koyi ba ce ɗungurungum: gwamnatinta ta mai da Shinto makamin bautar sarki da yaƙi har aka raba shi da hukuma a 1945, kuma can ibadar tana raye, abin da ba a nema a nan. Kurmin Osun na Osogbo, mai hekta 75, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, ya tsira ne ta hanyar biki da 'yan yawon buɗe ido. Wannan hanya ba za ta karɓu a Birnin Gwari ba, kuma wanda ya kawo ta zai kashe maganar tun ba ta tashi ba.

Abin da zai karɓu ƙarami ne, kuma masu yin sa suna nan. Masarautar Birnin Gwari, ƙarƙashin Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san gidan da ke riƙe da kowane dutse, tana da shugabannin maharba da suka san dajin da ƙafa. Ma'aikatan Gandun Dajin Kamuku suna da taswira. Arewa House da sassan tarihi da na binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suna da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su rubuta kundi a kai, da yawa kuma sukan ƙare da maimaita abin da aka riga aka rubuta kan Zazzau da Kano. A fara da Parnono, tun da sunansa ya riga ya shiga takardun gandun dajin, da kufan Tsohuwar Birnin Gwari. A ɗauki maganar dattijo da harshen da ya ga dama, Gwari ko Kamuku ko Hausa, a rubuta sunan wurin yadda masu shi ke furtawa, da gidan da ya gaje shi, da abin da aka hana a cikinsa, da itatuwan da ke tsaye. Abin da dattijo ya ce sirrin gidansu ne a bar masa. Wuraren da suka faɗa wajen iyakar gandun dajin, waɗanda ba dokar da ta rufe su, su ne za a fara shata wa hurumi, a kafa duwatsun iyaka a gaban mai gona na kusa da ardon Fulanin da ke bi ta wurin.